Harshen Baba Ya Koma Rasha

Greensboro, Maris 2004

Zuwa ga Kawu Djibrilla, a Tanout.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Oumaima da yara duka. Ni ce Ousseina 'yar Zabeirou, wadda ke aure a Amerika. Rabonka da ni tun zaman makokin mahaifiyata a Damagaram, don haka in ka manta fuskata ba laifi. Maigidana Kader yana gaishe ka. Muna nan lafiya, sai sanyi da ya ƙi tafiya.

Baba dai ya ɗan ji jiki. Ka san bara ya zo wurinmu don a duba masa hawan jini. Bayan Layya ya faɗi, aka kwantar da shi a asibiti, yanzu an sallamo shi yana gida, kuma da sauƙi alhamdulillahi.

Abin da ya sa na neme ka, Kawu, tun da ya farfaɗo bai ƙara yin Hausa ba. Faransancin ma babu. Rashanci kawai yake yi, ni kuwa ko sannu ban iya ba da Rashanci. In na ce, "Baba, ga koko," sai ya dube ni, ya ba ni amsa doguwa, ni in tsaya da kofi a hannu. A asibiti sun kira wata mai tafinta ta waya, ta saurare shi, ta ce maganar birai yake yi da ruwan sama.

Akwai wani tsohon littafi da ya zo da shi a ƙasan akwati, naɗe cikin rigar sanyi. Takardunsa sun yi ja don tsufa, rubutun duk na Rasha ne. A ciki akwai zane-zane, bishiyoyi masu igiyoyi, giwaye, mesa, da wani ƙaton biri a tsaye riƙe da kulki. Tun safe yana hannunsa. Yana buɗawa yana karantawa, wani lokacin ma ba ya kallon shafin.

Kawu, mutumin nan da ka sani, wanda ba ya bari jam'in asuba ya wuce shi, yau ko bisimilla ban ji daga bakinsa ba. In na yi masa Kalmar Shahada a kunne don ya maimaita, sai ya saurara tsaf, sannan ya amsa mini da Rashanci. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Numfashi ba a hannunmu yake ba, kuma ba na so ajali ya same shi da maganar birai a baki.

Cikin dangi kai kaɗai ne kuka yi karatu tare a can. Na so in kira ka, amma an ce sai an aika an kirawo ka telesantir, shagon buga waya, wannan kuwa ba maganar da za a yi rabin gari na saurare ba ce. Na ɗauki maganarsa a kaset, na haɗa da takardar nan na ba Hajiya Hindou, 'yar kasuwar da ke zuwa Yamai. Don Allah ka saurara ka gaya mini me yake cewa.

'Yarka, Ousseina.

Tanout, Afrilu 2004

Zuwa ga 'yata Ousseina.

Wa alaikumus salam. Na manta ki? Yarinyar da ta yi mini fitsari a riga ran sunan ƙanenta? Sai dai ke ki manta ni. Mu nan lafiya lau, zafi ne dai yake dafa mu. Oumaima tana gaishe ki, gwiwarta tana nan tana yi mata surutu. Ki gai da Kader.

Takardarki ta iso ta hannun wani direba, amma kaset bai iso ba, wai Hajiya Hindou ta bar shi cikin wata jaka a Yamai. Da na fara karatu gabana ya faɗi, da na zo inda kika ce da sauƙi sai na saki numfashi. Allah ya ƙara sauƙi.

Zancen Rashanci kuwa, wallahi har dariya na yi. Ke ce ba ki san ubanki ba. Da muka dawo muka kama aikin dabbobi, in muka fita allurar shanu, da Rashanci yake yi wa bijimi magana, Fulani su tsaya su saki baki. Yanga ce kawai irin ta Zabeirou. Ki ce masa taubashinsa ya ce ya rage, Rashar ma da yake taƙama da ita ta wargaje.

Littafin na san shi, ni ma an ba ni irinsa. Shekarar da muka sauka can, kafin a fara mana karatun likitan dabbobi, sai da aka koya mana harshe. Malamarmu wata tsohuwa ce, Zinaida, mai kirki ƙwarai. Ta ga karatu yana ba mu wuya, sai ta shiga ɗakin ajiya ta zaƙulo mana wannan littafi na dabbobin kurmin Afirka. Ta ce ai ku 'yan Afirka ne, kun san waɗannan duka, karatu zai zo muku da sauƙi. Ni da Zabeirou muka dubi juna. Mu 'yan Damergou, da ba mu san abin da ya wuce zomo da dila da kura ba!

An rubuta shi tun zamanin da Rasha ke da sarki, don a wayar da kan mutanensu. Ina jin mai rubutun ko ƙafa bai taɓa sawa a Afirka ba, labaran matafiya ya tattara ya ƙara gishiri. Wancan mai kulkin goggon biri ne, wai yana tare hanya ya ƙwace wa maharbi bindiga ya karya ta a gwiwa. Akwai wata dabba mai wuyan raƙumin dawa da ƙafafun jakin dawa, lokacin ba a daɗe da gano ta ba, ya yi shafi da shafi yana mamaki. Da wannan muka koyi Rashanci.

Maganar Kalma kuma ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ya yi azumi a ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa, ana yi masa dariya bai fasa ba, shi ne zai manta Ubangijinsa? Ki dama masa fura mai tsami ki sa yaji, za ki ji Hausa ta fito.

Kawunki, Djibrilla.

Greensboro, Mayu 2004

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gai da Inna. Mu muna lafiya. Baba ba shi da lafiya.

Na karanta takardarka na zauna na yi kuka, kukan haushi. Daga baya na ga laifina ne. Na rubuta maka yadda aka koya mana a gaya wa babba labarin ciwo, kai kuma ka ɗauka yadda na rubuta. To yau zan ajiye ladabi in faɗa maka a fili.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya karkace. Kader ke ɗaga shi ya yi masa wanka kafin ya tafi aiki, sauran hidima ni ce, har na bar shagon da nake kitso. Furar da ka ce, ko ruwa sai da cokali. Likita ya ce jini ya ɓata wurin da Hausa da Faransanci suke a ƙwaƙwalwa, ya bar Rashanci. Na ce zai dawo? Ya ɗaga kafaɗa. Ya kuma ce irin wannan faɗuwar tana iya sake zuwa kowane lokaci, ta biyun ba ta cika barin mutum ba.

Ga kuma abin da na ɓoye maka. In ya yi nisa da karatun, sai ya ajiye littafin a cinya ya shiga bugun ƙirji da hannun hagu, yana wani irin gurnani. Wani lokacin kukan tsuntsu yake yi. A unguwarmu Glenwood gidaje ƙanana ne a matse, har ɗaliban da ke haya kusa da mu sun ƙwanƙwasa ƙofa suna tambaya ko lafiya. Matanmu na nan sun zo dubiya, yana farawa suka suri takalma. Yanzu duk inda 'yan Nijar biyu suka haɗu a garin nan, zancen shi ne wani aljanin daji ya biyo Zabeirou tun daga Rasha, sai yanzu ya samu ƙofa.

Kader ya kawo Malam Badaru. Bakano ne, dattijon kirki, shi ke yi mana wankan gawa da raɗin suna ba ya karɓar komai. Ya yi ruƙiyya, Baba ya rungume littafin ya ƙara ɗaga murya har ta danne ta Malam. Malam ya ce ɗakin da ke cike da hotunan masu rai mala'iku ba sa shiga, kuma littafin nan shi ne gidan iskar. Ya ce a raba shi da shi, da yardar Allah harshe zai saku ya kama Kalma. Kader ya yarda, mutane sun yarda.

Na ce su jira in ji daga Kawu. Kader ya ce, "Kawun da ya ce a ba shi fura?" Kuma ba zan ɓoye maka ba, rabin zuciyata tana tare da su. In littafin ne ya tsaya tsakanin Baba da Kalma, me zan yi da littafi?

Ka ce a ɗauke ko a bari. Ka yi sauri, don ba zan iya tare su da yawa ba.

Ousseina.

Tanout, Yuni 2004

Ousseina 'yata,

Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba ki lada. Ki yafe mini. Tsoho ne ni, na ga kalma ɗaya mai daɗi na kama ta na rufe ido ga sauran. Rashin sani ya fi dare duhu.

Takardarki da kaset tare suka iso. Na shiga ɗaki na sa. Oumaima ta shigo ta same ni ina hawaye, ta ɗauka mutuwa aka yi.

Ki saurare ni da kyau. KADA KU TAƁA LITTAFIN NAN. Babu aljani ko ɗaya a kaset ɗin, Zabeirou ne daga farko har ƙarshe. Babin goggon biri yake karantawa, bai tsallake ko kalma ba. Inda ya ɗaga murya cewa yake, "Da hantsi ruwa ya ɗauke, kurmi ya yi tsit, sai tsohon birin ya miƙe ya bugi ƙirjinsa, tsuntsaye duka suka tashi." Daga nan ne yake bugun ƙirjin da kuke tsoro.

Bari ki ji asalinsa. A can, duk inda muka bi yara suna biye da mu suna tambaya, kun taɓa ganin goggon biri? Giwa tana zuwa gidanku? Ni ina cewa a'a, su tafi ba daɗi. Zabeirou kuwa bai iya ganin yaro ya juya a sanyaye ba. Sai ya haddace littafin nan kaf, kamar yadda ya haddace izu biyar a makarantar allo. Ya riƙa ba su labari yana kwaikwayon kukan kowace dabba. Har makarantu suka riƙa gayyatarsa, ya tsaya gaban aji ya bugi ƙirji, yara su yi ta ihu don murna. Ɗan Damergou da bai taɓa ganin bishiyar da ta fi gawo tsawo ba, ya zama sarkin kurmi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba.

In zai je, ni ke riƙe masa littafi ina bin sa, in ya kakare ya ce, "Djibril, sai me?" in tuna masa. A kaset ɗin nan ya faɗi haka, da Rashanci, ya tsaya yana jira. Ba wanda ya amsa masa. Wurin ne ya karya ni.

Ni likitan shanu ne ba na mutane ba, kuma ban kai ƙurar takalmin Malam Badaru ba a ilimin addini, ki gaishe shi da girmamawa. Amma ki ce masa in rijiyoyin gari suka ƙafe saura ɗaya, ba a cike ta don ruwanta yana da kanwa. Ta nan ake ɗiba. Mutumin nan yana ciki, yana jin magana, ƙofa ɗaya ce ta rage masa. In Kalma za ta shiga, ta nan za ta bi. Ku bar masa littafinsa, ni kuma zan yi tunanin yadda za mu ɓullo.

Da kaina zan kai takardar nan Damagaram gobe in sa ta a posta, ba na jiran matafiyi.

Kawunki, Djibrilla.

Greensboro, Yuli 2004

Kawu, gaisuwa. Ka gai da Inna.

Takardarka ta zo, amma ihu bayan hari. An ƙona littafin kafin ta iso.

Na jira, Allah ya sani na jira. Sai wata rana Baba ya shaƙe da ruwa, idonsa ya juye, na ɗauka tafiya ce. Ina yi masa Kalma ina kuka, yana dawowa hayyacinsa ya miƙa hannu yana laluben littafi. A ranar na ce wa Kader ya ɗauka. Da hannuna na zare shi daga ƙirjinsa yana barci. Kader da Malam suka kai shi wata gona a McLeansville, inda muke yanka ragunan Layya, suka cinna masa wuta suka yi addu'a.

Da ya farka ya lalubi gado, ya lalubi ƙarƙashin matashi. Ya dube ni ya yi wata 'yar gajeruwar magana, na san tambaya ce. Na ce, "Baba, ka ce La'ilaha illallah." Ya daɗe yana kallona, sannan ya juyar da kai bango.

Tun ranar bai ƙara cewa uffan ba. Ba Hausa, ba Rashancin. Mutane suna zuwa suna yi mini barka, wai iska ta fita, saura harshe ya warware. Ni da ke ba shi abinci na san ba haka ba ne, don cokali biyu yake karɓa ya rufe baki.

Na karanta wa Kader takardarka. Ya fita ya zauna cikin mota. Washegari ya je jami'ar da ke kusa da mu ya samo wata ɗaliba 'yar Rasha. Ta yi wa Baba magana, ko motsi bai yi ba. Ta tambaye ni sunan littafin da na mai rubutun ko za ta nemo wani. Kawu, watanni yana gabana ban san sunansa ba, bangon ma ya goge. Ta bincika da abin da na kwatanta mata, ba ta samu ba.

Ka ce an ba ka irinsa. Don girman Allah ka aiko da naka.

Ousseina.

Tanout, Agusta 2004

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gai da Kader, ki ce masa kada ya zargi kansa. Ke ma haka. Kun yi ne don ku cece shi.

Na sauke akwatin da ke kan rumbu na buɗe. Gara ta riga mu. Abin da ya rage na littafin bai cika tafin hannu ba, ya zama ƙasa. Sunansa na tuna, amma sunan mai rubutun ya ɓace mini, na yi ta juya kaina har ya yi ciwo.

Na je Yamai neman biza ko in zo da kaina. Na sa babbar rigata, na yi layi, na yi bayani. Yaron da ke bayan gilashi bai ma ɗaga kai sosai ba ya turo mini fasfo. Na dawo.

To da babu gara ba daɗi. Ga kaset na aiko. Na rufe ɗaki na kori jikoki, na yi ta gwadawa ina gogewa, don Rashancina ya yi tsatsa, rabon da in yi shi da mutum har na manta.

Gefen farko, fas A, littafin ne gwargwadon abin da kaina ya riƙe. Akwai babin biri, da na giwayen kurmi, da ɗan na mesa. Inda na manta na tsaya na ce, "Zabeirou, sai me?" na bar masa wuri. Har ƙirji na buga, Oumaima tana tsakar gida tana salati.

Fas B gajere ne, yana nan a farkon gefen, sauran zaren babu komai. A nan na kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa. Na gaya masa da Rashanci cewa ni ne Djibril, cewa tafiya ta matso, kada ya ji tsoro. Na faɗa masa ma'anar Kalma da harshen da yake ji, sannan na yi ta da Larabci a hankali, ina bar masa wuri ya bi ni. Yadda ake laƙƙana wa mai tafiya, haka na yi.

Ki fara sa masa A. In kin ga ya buɗe, ya fara amsawa, sai ki juya B. Kada ki fara da B, ba zai saurara ba. Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan, sauran na Allah ne.

Kawunki, Djibrilla.

Greensboro, Oktoba 2004

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Kader ya aika an gaya maka. An yi masa sutura a nan, Malam Badaru ne ya yi masa wanka yana hawaye. Allah ya ba mu haƙuri, ni da kai.

Abin da zan rubuta yanzu ba wanda ya sani, har Kader.

Kaset ɗinka ya yi aiki, Kawu. Ranar da ya iso na ajiye rakoda kusa da kunnensa na sa fas A. Muryarka tana fitowa ya buɗe ido. Ya juyo daga bango, yana neman ka a ɗakin. Da ka zo inda ka kakare ka tambaye shi, wallahi sai ya yi dariya da rabin baki, ya ba ka amsa. Muryar ta dishe amma ta fito. Wani wurin ma kamar gyara maka yake yi, yana kaɗa kai. Da ka buga ƙirji shi ma ya buga nasa. Ranar ya shanye kofin koko.

Zare ya ƙare, rakoda ta yi ƙas. Na san lokacin juyawa ne, ka faɗa mini, takardarka tana cinyata. Na kai hannu. Sai ya dube ni, kallon da ya daina yi mini tun faɗuwarsa, kallon wanda ya san 'yarsa ce, ya buga katifa da hannu, wato a ƙara. Na mayar da zare baya na sake sa A. Na ce gobe.

Gobe ma haka na yi, da jibi. Ba mantawa na yi ba. Na san abin da ke fas B, na san in na juya na yarda ke nan zai tafi, kuma za a gaya masa. Ga shi yana dariya, yana cin abinci, yana hira da kai. Zuciyata ta yi ta ce mini ai sauƙi ne ya zo, bari ya ƙara ƙarfi tukuna.

Ranar da abin ya zo, bayan la'asar ne, ni kaɗai ce a gida. Kuna tsakiyar babin giwaye, kai da shi. Sai na ji ka yi tambaya bai amsa ba. Na duba, numfashi ya canza. Na fizge kaset na juya na danna. Shiru, Kawu. Da yake a tsakiya na cire, a tsakiyar B na faɗa, inda babu komai. Na danna mayarwa, rakoda tana ta juyi. Na bar ta na kifa kaina a kunnensa ina yi masa Kalma da ƙarfi, ina yi ina yi. Leɓensa bai motsa ba. Kafin zaren ya kai farko ya cika.

Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaya, ya samu Kalma? Kader ya ce alhamdulillahi, ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ni in sunkuyar da kai, su ɗauka kuka ne ya hana ni magana.

Na zare masa littafi don ya samu Kalma, da Kalmar ta zo har gefen gadonsa kuma na hana shi. Ba na iya barci, ba na iya tambayar malami. Kai ka san shi kafin a haife ni. Don Allah kada ka ce mini da sauƙi. Ka gaya mini gaskiya.

Ousseina.

Tanout, Nuwamba 2004

Ousseina,

Ya haƙuri. Allah ya jiƙan Zabeirou, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Mun yi masa sadaka a nan, tsofaffin Fulanin da muka yi wa shanunsu allura sun zo daga nesa. Oumaima ta ce in gaya miki tana sa ki cikin addu'a.

Kin ce kada in ce da sauƙi, to ba zan ce ba. Ba ni da fatawar da zan ba ki. Wanda ya ɗaure masa harshe shi ne zai yi masa hisabi, kuma ya fi mu sanin abin da ya ɗaure. Abin da Zabeirou ya cika da shi a zuci, ban sani ba, ke ba ki sani ba, Malam Badaru ma bai sani ba. Da zan iya ɗauke miki wannan da na ɗauke, amma ba zan iya ba.

Abu ɗaya kawai nake da shi. Tun da na karanta takardarki nake kai kaina ɗakin nan. Ga Zabeirou yana dariya da rabin baki, ga zare ya ƙare, ga shi yana buga katifa, ga yatsana a kan rakoda. Ni na yi fas B da bakina, na fi kowa sanin amfaninsa. Na gwada ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, 'yata, ban taɓa iya juyawa ba.

Kawunki, Djibrilla.